Tabki a Gaban Ido, Baki a Rufe: Ɗalibin Yauri da Tambayar Kallon Gefen Hanya

Cikin tambayoyin da akan yi wa mai zana jarrabawar Turanci ta IELTS a sashen magana da baki, akwai wata da in ka ji ta za ka ce kyauta aka ba ɗalibi: idan kana tafiya, kana jin daɗin kallon abin da ke gefen hanya? Akan bi ta da 'yan'uwanta, ko garinku na da wurare masu kyan gani, ko kana ɗaukar hotonsu. Babu lissafi a ciki, babu dokar nahawu da za a ce ka kawo. Duk da haka amsar da aka saba ji daga bakin yaranmu ba ta wuce numfashi ɗaya: e, ina so, domin yana da kyau ƙwarai. Daga nan sai shiru, mai jarrabawa na jira, ɗalibi na kallon tebur. Wanda ya ɗan yi shiri kuwa yakan zo da doguwar amsa da ya haddace daga intanet, cike da tsaunuka masu ƙanƙara a ka da korayen kwaruruka da bai taɓa sa ƙafa a cikinsu ba. A ganina amsoshin nan biyu ciwonsu ɗaya ne, kuma ciwon ya girmi ƙarancin kalmomin Turanci da ake ɗora wa laifi. Ɗalibin bai saba faɗin abin da idonsa ya gani dalla-dalla ba, ko da Hausa, makaranta kuma ba ta taɓa neman ya buɗe baki ya faɗa ba. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar ƙasar Yauri, domin ɗan Yelwa ko Wara ko Shanga a bakin ɗaya daga cikin manyan ruwayen Najeriya yake zaune, abin faɗa yana gabansa safe da yamma.

Sai a fara da sanin abin da ake aunawa. IELTS ta soma aiki a 1989, British Council da IDP ta Ostireliya da sashen jarrabawa na Jami'ar Cambridge ne ke tafiyar da ita tare. Sashen magana hira ce tsakanin ɗalibi da mai jarrabawa, ta minti 11 zuwa 14, ana naɗar murya. A kashi na farko, na minti 4 zuwa 5, ana tambayar mutum abubuwan da ya saba da su, gida da aiki da karatu da tafiye-tafiye, nan ne tambayar gefen hanya takan faɗo. A kashi na biyu a miƙa masa kati mai ɗauke da batu, a ba shi minti 1 ya shirya, ya yi magana shi kaɗai har minti 2. Batun kan iya zama wani wuri da ya taɓa zuwa ya burge shi. Kashi na uku tattaunawa ce mai ɗan zurfi a kan batun. Maki daga 0 zuwa 9 ne, a kan abubuwa huɗu: gudanar magana a haɗe, yalwar kalmomi da dacewarsu, iya juya nahawu ba da yawan kuskure ba, da furuci. Babu maki ko ɗaya na kyan wurin da aka kwatanta. Wanda ya yi maganar tsaunukan Suwizalan bai fi wanda ya yi maganar mashigin Zamare ba, sai in Turancinsa ya fi. An kuma horar da masu jarrabawa su gane jawabin da aka haddace, ganewar ma ba ta da wuya: murya takan sauya, sauri ya ƙaru, da an yi tambaya ɗaya da ba ta cikin haddar sai komai ya watse. Zanen aro ba ya rufe katara. Ga ma'aikaciyar jinya mai neman rajista a Birtaniya, wadda hukumar jinya da ungozoma ta can ke neman maki 7 daga gare ta a sashen magana, rabin maki shi ne tsakanin tafiya da sake biyan kuɗi mai tsoka, a sake hawa mota zuwa Abuja ko Kano.

Tushen matsalar yana cikin makarantunmu, kuma ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibin da ya gama sakandare a Yelwa ya zana Turancin WAEC, wanda takardarsa ta uku sunanta gwajin magana. Tambayoyi 60 ne na canki-canka: wace kalma ce wasalinta ya yi daidai da na wannan, a wace gaɓa ake ƙarfafa murya. NECO ma haka take yi, JAMB kuwa a kwamfuta ake latsawa. Yaro na iya cin gwajin magana da sakamako mai kyau bai furta kalmar Turanci ko ɗaya a gaban kowa ba. Malami kuma abin da za a tambaya shi yake koyarwa, ga aji cike maƙil, ga manhaja da dole a kammala kafin zango ya ƙare. Tsarin ne bai taɓa ware wa magana maki ba. Haka ake samun wanda ya kammala digiri a Aliero ko Birnin Kebbi ko Sakkwato, yana rubuta takardar neman aiki ba kuskure, amma in aka ce ya yi minti 2 yana kwatanta hanyar Koko zuwa Yelwa sai harshe ya yi nauyi. Insha'in da aka koya masa ma bai taimaka ba, domin an fi yaba wa wanda ya jero manyan kalmomi a kan wanda ya lura da abu ya faɗe shi yadda yake.

To me ɗan Yauri yake da shi na faɗa? An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru a bayanta ya zama tabki mai tsawon kusan kilomita 135, da girman da ya haura murabba'in kilomita 1,200, wanda kansa na arewa yake nan wajen Yelwa. Mutum kimanin 44,000 aka tayar daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse aka gina sabuwa, tsibiran Gungawa da yawa suka shige ƙarƙashin ruwa, aka mayar da mutanensu sababbin ƙauyuka masu gidajen siminti a kan tudu. Tabkin kuma ba fuska ɗaya gare shi ba, domin Kwara ambaliya biyu take kawowa a shekara a wannan yanki. Ta farko ruwan daminar kusa ne, daga ƙasashen Kabi da Sakkwato da maƙwabtansu, tana kai ƙololuwa wajen Satumba, ruwan ya yi fari-fari saboda laka. Masana ruwa suna ce mata farar ambaliya. Ta biyu ruwan saman da ya zuba ne a tsaunukan Gini, inda kogin ya samo asali, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali tsakanin Mopti da Timbuktu, ya sauke lakarsa a can, ya iso nan cikin hunturu garau, duhu-duhu. Ita ce baƙar ambaliya. Wato a lokacin da ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙone, hazo ya rufe sama, a lokacin ne tabki yake cike. Daga baya ruwa ya riƙa ja, tsakanin cikarsa da janyewarsa ya kai kusan mita 10, ya bar fili mai dausayi ga manoma da makiyaya. Duk wanda ya taso a nan ya san wannan da idonsa ko bai taɓa jin sunayen da masana suka sa ba. Ya san watan da jirgi ke matsowa har gindin gari da watan da sai an taka laka kafin a kai gare shi. Ya san kainuwa in ta toshe mashigi, da Sarkawa na jan taru da asuba, da hayaƙin bandar tarwaɗa da kurungu, da belbelu a bayan shanun Fulani, da buhunan albasar da Gungawa suka shahara da nomanta tun suna tsibirai.

Amfanin wannan ga jarrabawa ya wuce samun abin cika minti 2. Nahawun da ake nema a maki 7 da kansa yake fitowa daga irin wannan bayani. Wanda ya ce wurin yana da kyau ya yi amfani da sigar aiki ɗaya tak, ta yanzu, ba shi kuma da hanyar fita daga cikinta. Ɗauki wanda ya ce da Turanci: na fi son tafiyar jirgin ruwa da ta mota, musamman da hunturu, domin lokacin ruwan ya fi na damina haske, kakata takan ce inda jirage ke wucewa yanzu gonakinsu ne kafin a yi dam, da ba a yi shi ba, da a tsibiri aka haife ni. A ɗan wannan bayani ya taɓa sigar yanzu, da kwatanci tsakanin abu biyu, da maganar wani da aka ruwaito, da labarin da, da sharaɗin abin da bai faru ba. A nan ne kuma raunin mai jin Hausa yake bayyana, gara ya bayyana tun a gida. Hausa a jikin wakilin suna take nuna lokaci, ya tafi, zai tafi, yakan tafi, aikatau bai motsa ba. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake sauyawa. Shi ya sa mai jin Hausa, in magana ta ɗauki zafi, yakan bar aikatau a sigar yanzu yana ba da labarin jiya. Cike gurbi a littafi ba ya gyara wannan. Abin da ke gyara shi shi ne labarin da ke tilasta wa mutum tsallakawa tsakanin da da yanzu sau da yawa har baki ya saba, kuma wurin da ruwa ya haɗiye garuruwa a 1968 ba ya kwatantuwa ba tare da wannan tsallake ba. Sai dai a kiyaye, kashi na farko ba wurin lacca ba ne: jimla biyu zuwa huɗu sun isa, sauran a ajiye wa kati.

Tarihin garin ma yana da abin cewa. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu daga Ingila, Richard da John Lander, suka taso daga Busa cikin kwale-kwale suka hau kogi zuwa Yauri, suna neman takardun Bature matafiyi Mungo Park, wanda ya ratsa ta nan ya mutu a ruwan Busa wajen 1806. Sun yi makonni a Birnin Yauri, babban birnin masarautar a lokacin, tun kafin sarauta ta zauna a Yelwa a zamanin Sarki Abdullahi Abarshi wajen 1888. Littafin tafiyarsu ya fito a Landan a 1832. Richard ba masani ba ne. Ɗan mai masauki ne daga Truro, ya fara shigowa ƙasar Hausa a matsayin baran wani matafiyin, Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827. Littafin yana da kalmomin yabo, yana da raini irin na Turawan zamanin, amma abin da ke sa masu tarihi komawa gare shi har yau shi ne lissafin abin da ido ya gani: duwatsu da tsibirai a tsakiyar kogi, ganuwar birni, shinkafa da albasa da alkama da baba a gonaki. Abin takaici ne baƙon da ya yi makonni ya bar bayanin wannan kogi da Turanci, shi kuwa wanda aka haifa a bakinsa, ya yi shekara 12 ana koya masa Turancin, ya rasa abin faɗa sai cewa yana da kyau.

Mai koyar da jarrabawa zai ce wannan duk daɗin baki ne: ma'aunin ba da maki ya ambaci kalmomin da ba a cika amfani da su ba da salon maganar masu harshe, saboda haka dole ɗalibi ya tara irinsu. Gaskiya ne ya ambace su daga maki 7 zuwa sama. Amma ya haɗa su da dacewa, ya kuma ambaci wani abu da masu sayar da jerin kalmomi ba sa so a tuna, wato iya kewaya kalmar da ta ɓace maka ka bayyana abin da wasu kalmomi. Kalmar da ba a cika ji ba kuma ba lallai ta zama doguwa ba. Sunan lakar da ruwa ke kwantarwa, da na gaɓar kogi, da na taru, da aikatau na janyewar ruwa ko tura jirgi da gora, duk gajerun kalmomi ne a Turanci, mai jarrabawa ba kasafai yake jin su ba, alhali manyan sifofin nan na ban al'ajabi ya ji su har sun gundure shi. Ɗalibin da ya nemo kalma don yana da abin da yake so ya faɗa da ita, inda ya ajiye ta nan za ta zauna daidai. Inda kuma kalmar ba ta kusa, nan dama take. Ba lallai ya san sunan giginya da Turanci ba. In ya ce doguwar bishiya ce dangin dabino, mai kumburi a tsakiyar gangar jikinta, mai faffaɗan ganye, ana yin azara da ita domin gara ba ta cinta, ya nuna gwanintar da ake biya da maki, ya kuma sa mai sauraro ya ga bishiyar.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi. Akwai malaman da suka yi imani cewa duk wanda ya fara tsara magana da Hausa zai ƙare da fassara kalma bayan kalma, ya ce ya sha iska ko ya ji ƙamshi da kalmomin da Bature zai ɗauka shan ruwa da jin kunne ake nufi. Haɗarin na gaske ne. Sai dai abin da ake so a yi da Hausa lura ce, ginin jimla na zuwa daga baya. A tambayi yaro da harshen da ya fi sakewa a ciki: me ka gani tsakanin Yelwa da Koko? In ya ce daji, a ce wane iri, waɗanne itatuwa, gonakin me, ƙasar ja ce ko baƙa, me ya bambanta da bara. Sai an tabbata yana da abu biyar ko shida a hannu, sannan a ajiye Hausa a shiga Turanci da gajerun jimloli nasa na kansa. Wanda bai iya amsa tambayar da Hausa ba, ba zai amsa ta da Turanci ba ko ƙamus nawa ya haɗiye. Mutanen wannan ƙasa kuwa su ne shaidar cewa harshe da baki ake kama shi. Bagunge ko Bakambare ko Badukke da ya tashi da harshen gidansu, ya zo ya iya Hausa har ba a raba shi da Bahaushe, a kasuwa da mashigi da filin wasa ya koye ta, yana kuskure ana dariya yana gyarawa, domin yana da buƙatar a gane shi. Ta wannan hanya ce Hausa ta zame wa Shangawa da yawa harshen yau da kullum. Turanci ne kaɗai aka ware aka ce shi sai a takarda.

Na uku shi ne na fi ganin ƙarfinsa. Wani zai ce tambayar kanta baƙuwa ce. Kallon wuri don nishaɗi al'adar mai hutu ce wanda ya biya kuɗin otal; ga masunci tabki wurin aiki ne, ga tsohon da aka tayar daga tsibiri kufan gidansu ne ke ƙarƙashinsa, ga fasinja kuwa abin tsoro ne. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa da ya ɗauko fasinjoji daga jihar Neja ya nutse kusa da Wara da mutane masu ɗimbin yawa, a ranar 17 ga Yuni na shekarar kuma 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. Mai bin hanyar Kontagora idonsa na kan daji, amma ba don kyansa ba. Ta yaya za a ce wa irin wannan mutum ya yi murmushi ya ce yana jin daɗin kallon gefen hanya? Ai ba wanda ya ce ya faɗi haka. Mai jarrabawa harshe yake aunawa, ra'ayi na mai shi ne, kuma a'a cikakkiyar amsa ce in an biyo ta da dalili. Wanda ya ce a da yakan kalli gonaki da kasuwannin ƙauye, amma yanzu hankalinsa na kan a isa kafin magariba, amsarsa ta fi ta mai haddar tsaunuka nesa ba kusa ba, a nahawu da a gaskiya. Ba kuma dole ne ya tona ciwonsa ga baƙo ba. Ya zaɓi abin da zai iya faɗa murya ba ta rawa ba. Sannan ban yarda cewa jin daɗin kallon ƙasa baƙon abu ne a wurinmu ba. Manomin da ya tsaya a bakin gonarsa yana duban yabanya, da jama'ar da ke cika gaɓar kogi a Yelwa ranar Rigata suna kallon tseren kwale-kwale, duk kallo suke yi. Kallonmu dai a haɗe yake da amfani da tarihi da fargaba, wanda ke nufin abin faɗa ya ƙaru.

Furuci shi ne inda ake yawan ɓata lokaci a kan abin da ba a nema. Ba a ce ɗan Yauri ya yi magana kamar mai karanta labarai a Landan ba. Ma'aunin ya yarda da karin harshe matuƙar ana fahimtar mutum ba da wahala ba. Wuraren da fahimta ke karyewa kaɗan ne, kuma sanannu. Hausa ba ta raba p da f, a karin yamma ma, inda ake cewa hwari maimakon fari, sautin ya ƙara nisa da na Turanci, ga shi kuwa kalmomin Turanci na kifi da gona da filafili duk da ɗayan biyun suke farawa. Haka v da b. Hausa kuma ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka ce burodi da firamare da direba, wasalin nan da muke cusawa yakan bi mu har cikin Turanci. Mafi muhimmanci shi ne baƙin ƙarshen kalma da mukan haɗiye, domin a can Turanci ke ajiye alamar jam'i da ta abin da ya wuce. Wanda ya haɗiye shi ya yi asara sau biyu, a furuci da a nahawu.

Kayan gyaran suna aljihun ɗalibai da yawa. Wayar da ake tura saƙon murya da ita a WhatsApp tana naɗar minti 2. Mutum ya zaɓi tafiya guda da ya sani sarai, Yelwa zuwa Zamare, ko Wara zuwa Libata, ko ƙetarawa Rofiya, ya kwatanta ta ba takarda a hannu, ya saurara, ya lura da inda ya tsaya cik da inda aikatau ya zame masa, ya nemo kalma biyu ko uku da suka gagare shi, ya sake. Kada ya rubuta jawabin, domin da ya rubuta ya koma hadda. Washegari ya kwatanta tafiyar nan dai a wani lokacin shekara. Abin da naɗar murya ba ta yi shi ne katse mutum da tambayar da bai zata ba, don haka ana buƙatar aboki wanda aikinsa kawai ya riƙa cewa don me, yaushe, me ya canza. A makaranta minti 10 a farkon darasin Turanci sun isa: ɗalibai bibbiyu, kowa ya kwatanta wa ɗan'uwansa hanyar da ya biyo, malami na zagayawa yana saurare. Kada ya gyara kowane kuskure nan take, domin yaron da aka katse sau uku a jimla ɗaya ba zai sake buɗe baki ba. In malamin labarin ƙasa ya haɗa kai da na Turanci, ambaliya biyun nan darasi ne ga su duka.

Saura tambayar da iyaye za su yi, kuma suna da haƙƙin yinta: yara nawa ne a Ngaski ko Shanga za su taɓa zama gaban mai jarrabawar IELTS? Kaɗan ne ƙwarai, kuma ba burin ƙasar nan ba ne ta yi ta horar da 'ya'yanta su fice su bar asibitocinta ba ma'aikata. Amma jarrabawar fito da giɓin kawai ta yi, ta tarar da shi a nan. Gwanintar da take aunawa, a dubi abu a faɗe shi a fili cikin tsari, ita ake nema a wurin ganawar ɗaukar aiki, da wurin kare kundin digiri, da lokacin da ma'aikacin lafiya na ƙauye zai kwatanta wa likita halin majiyyaci ta waya. Ita ake nema ranar da wakilin masunta zai tsaya gaban jami'an cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa, ko na HYPPADEC, hukumar da aka kafa don yankunan da madatsun wutar lantarki suka shafa, Kebbi na cikinsu, ya bayyana abin da ambaliya ta yi wa ƙauyensu. Rahotannin irin waɗannan hukumomi da Turanci ake rubuta su, kuma abin da ya shiga rahoto shi ake ware wa kuɗi. Masarautar Yauri, wadda Sarkinta, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, tana da martabar da za ta iya fara gasar kwatance da baki tsakanin makarantun sakandare na ƙananan hukumominta uku, da Hausa da Turanci, a haɗa ta da lokacin Rigata sa'ad da baƙi ke gari. WAEC ba za ta sauya takardarta ta uku gobe ba, domin sauraron ɗalibai sama da miliyan 1.5 ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai tsada. Makin gwaje-gwajen cikin zango kuwa a hannun malamin Turanci yake, yana iya ware wani kaso daga ciki ga minti 2 na magana tun daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare.